Yadda Na Ɗaga Motar Makarar Ƙofar Rini

Samarin yanzu kuna ba ni dariya. Ɗayanku zai kalli bidiyo a waya, ya ga wani ya cusa bulon ƙarfe a ƙarƙashin a-kori-kura ta miƙe tsaye, sai ya zo garejina a Tudun Wada yana ce mini ai abin ba shi da wuya. Jak, sifana, noti huɗu, an gama. To ni shekara talatin da ɗoriya ke nan ina kwance ƙarƙashin motocin mutane tsatsa na zubo mini a ido, kuma har gobe idan aka kawo mini mota aka ce in ɗaga ta, sai na gundure mai ita da tambaya kafin in taɓa sifana. Ba haka na fara ba. Wata mota ce ta koya mini, bayan ta kusa raba ni da sana'ar gaba ɗaya.

A hannun Oga Bitrus na koyi aiki. Mutumin Filato ne, Kirista, ya zo Sakkwato da ƙuruciyarsa ya zauna a Unguwar Rogo, kuma a zamaninsa babu wanda ya fi shi sanin sifirin, wato ganyayen ƙarfen nan da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya su ɗauki nauyin bayan mota. Shekarata ta farko a wurinsa ban ɗaure noti ko ɗaya ba. Wanke ganye kawai nake yi da kalanzir da buroshin waya, in jera su a rana, ya zo ya duba ya ce in sake. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: guntun ƙarfen titin jirgi, guduma babba, da alli. Idan sifirin ya gaji ya kwanta, sai ya zana lanƙwasar da yake so a daɓen gareji da allin nan, ya ɗora ganye a kan ƙarfen jirgin, ya riƙa bugu yana matsawa da faɗin yatsa ɗaya, yana ɗauka yana gwadawa da zanen, har ganyen ya hau layi. Bai yarda a kai sifirin wurin wuta ba. Ranar da ya kama ni zan kai wa mai walda wani ganye ya gasa mini don ya yi saurin lanƙwasa, sai da ya sa na yi mako guda ina sharar gareji. Shekara shida na yi da shi, ya yaye ni, ya ba ni gudumarsa ta biyu. Ita ce wadda ke jingine a bakin ƙofa, an sake mata ƙota sau uku.

Da na buɗe wurina, 'yan albasa ne suka riƙe ni. Kun san yadda suke loda mota daga fadama: buhu bisa buhu har sai wutsiyar motar ta kusa lasar ƙasa, fitilunta na kallon sama. Na tuna aikin da ya fito da ni, motar wani direba Mamman. Ya kawo ta bayanta ya zauna daram a kan robar tsayawa, taya na cin bodi. Na sauke sifirin, na buga masa sabuwar lanƙwasa, na ƙara ganye biyu masu kauri a kowane gefe, na canza yu-bol ɗin da ke ɗaure su da dogaye. Mamman ya loda ta maƙil ya zagayo da ita ta gaban garejina yana danna ham, bayanta bai ko rusuna ba. Kafin kakar albasa ta wuce, motoci sun yi layi har bakin titi, aka daina ce mini Garba sai Garba Mai Sifirin. Kaina ya kumbura. Na ɗauka na gama sanin aikin, kowace mota ta zo maganinta ɗaya ne, a ƙara ganye a ƙara lanƙwasa.

Ana cikin haka wata safiya Malam Buhari ya zo. Dattijo ne daga gidan malamai na Ƙofar Rini, shi ke riƙe da lamuran jana'iza na unguwarsu, makara da likkafani da masu haƙa duk a hannunsa suke. Mutanen unguwar sun haɗa ƙarfi sun sayi tsohuwar a-kori-kura don kai gawa, saboda maƙabartar da suke binnewa yanzu tana can bayan gari, ƙafa ba ta kaiwa da sauƙi. Matsalar hanya ce. Tifofin yashi sun yi mata ramuka biyu da tudu a tsakiya, ga kuma wani kwari da ruwa ya yanka dab da maƙabartar. Motar kan buga cikinta ta tsaya, sai a sauke makara a ƙarasa da ita a kafaɗa cikin rana, tsofaffi kuma a bar su a baya.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Garba, motag ga mu ka so ka ɗaga muna. Cikinta na bugun ƙasa ga hanyar maƙabarta."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wanga ai ƙaramin aiki na. Jibi ku aiko a ɗauka."

Ya ce, "Ba ka son ka tai ka ga hanyar tukuna?"

Na ce, "Na san irin hanyoyin ga. Waɗanda 'yan albasa ka bi sun hi ta muni."

Ya miƙa mini makulli, ya tafi.

Aikin albasa na yi mata, babu ragi. Ganye biyu masu kauri a kowane gefe, lanƙwasa mai zurfi, na kuma sa dogayen hanga, wato ƙarafan da wutsiyar sifirin ke lilo a jikinsu, don ta ƙara tashi. A gaba akwai sandar ƙarfe mai murɗewa da ke riƙe da nauyin inji, na ɗaure notinta har ƙarshe gaban ya taso ya yi daidai da baya. Shokozoba kuwa, mai hana mota tsalle bayan ta faɗa rami, na bar tsohuwar, ban ko duba ko tsawonta ya kai ba. Na gama na loda mata buhunan yashi na zaga da ita hanyar bayan garejina. Tafiya lafiya lau. Yashin nan shi ya rufe mini ido, domin da nauyi a kanta kowane sifirin mai tauri laushi yake yi.

Kwana tara da mayar da motar, Allah ya yi wa wata tsohuwa a unguwar rasuwa, Hajiya Inno, mahaifiyar wani ma'aikacin gwamnati mai suna Nasiru. Na je jana'izar. Gaskiya ita ce ba don zumunci kaɗai na je ba, ina so in ji ana yaba aikina. Da aka sallace ta aka nufo mota da makara, nan na fara shan jinin jikina. Bayan motar ya kai ƙirjin mutum. Dattawan da suka ɗauko ta suka kasa kai ta sama, makarar ta karkace, sai da mutum biyu suka haye suka jawo ta daga ciki. Mutum biyar suka zauna tare da ita, Nasiru a wajen kai. Na hau babur na bi su a baya, don haka duk abin da ya faru a idona ya faru.

Tun a kan kwalta bayan motar ke ƙananan tsalle. Tsohuwa ce ramammiya, da ita da makarar da mutanen biyar ba su kai rabin abin da sifirin ɗin ke buƙata kafin ya fara lanƙwasa ba, sai ya zama kamar a kan gungumen ƙarfe suke zaune. Da muka sauka hanyar ƙasa abin ya ƙaru. Sani direba yana tafiya a hankali iyakar iyawarsa, amma da tayoyin baya suka faɗa kwarin nan, makarar ta yi sama ta dawo ta bugi bodi, na ji ƙarar duk da kukan babur ɗina. Mayafin da aka rufa mata ya zame. Na ga Nasiru ya faɗi a kan gwiwoyinsa ya kifa ƙirjinsa a kan makarar yana riƙe mahaifiyarsa da hannu biyu. Aka bubbuga kan mota, Sani ya tsaya, aka sauke ta aka ƙarasa a kafaɗa. Aka rufe ta aka watse. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na cancanci in ji ta.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Labari ya zaga gari tun kafin a yi sadakar uku. A teburin mai shayi ana cewa aikin Garba ko gawa bai bari ta huta ba. 'Yan albasa, waɗanda motocinsu lafiyarsu ƙalau, su ma suka janye ɗaya bayan ɗaya, kowa na gudun a ce a can yake gyara. Mamman da ke danna mini ham ya koma bin ta wani titi. Nakan wuni a gareji ina kallon guduma, in an samu mai ɗaurin salansa in yi masa. Abokan sana'a suka ce in koma wani gari inda ba a san ni ba, wani ya ce in sayar da kayan aiki in sayi keke mai ƙafa uku. Na ce babu inda za ni. A nan na ɓata, a nan zan gyara.

Motar kuwa tun ranar aka ajiye ta gindin dogonyaron ƙofar gidan Malam Buhari aka rufe ta da tamfol. Unguwar ta koma aron mota duk lokacin da aka yi rashi, wata rana a samu, wata rana a yi ta jira da gawa a zaure. Ana gab da damina sai na ji labarin kwamitin unguwa zai sayar da ita, Nasiru ne kan gaba wajen cewa a rabu da ita, kuma har wani ɗan albasa ya zo ya duba ya ce ta yi masa daidai. Dole ta yi masa daidai, ai dominsa na gyara ta ban sani ba. Na san idan motar nan ta bar unguwar a haka, sunana ya tafi da ita ke nan, su kuma na raba su da abin da suka sha wuya suka samu.

Kafin in je wurin Malam, sai da na fara zuwa Unguwar Rogo. Oga Bitrus ya tsufa a lokacin, ido ya yi rauni, yana zaune a kujerar roba a ƙofar gida. Na zayyana masa komai. Ya ce ya riga ya ji, yana jira ne ya ga ranar da zan kawo kaina.

Ya ce, "Me motar take ɗauka?"

Na ce, "Gawa, Oga."

"Ka gwada ta da me?"

"Da buhunan yashi."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Garba, direban albasa idan bayansa ya yi ciwo zai dawo ya zage ka, ka gyara. Wannan fasinjan naka ba zai dawo ya gaya maka komai ba. Kai ne za ka ji masa."

Daga nan na wuce Ƙofar Rini. Na iske Malam a zaure yana duba littafi, na cire takalmi na durƙusa. Na ce laifin nawa ne ni kaɗai, ya tambaye ni ko zan ga hanya na ƙi, ina roƙo a ba ni motar in sake.

Ya ce, "Juma'a ta sama kwamiti ka zama. Kana da kwana goma sha biyu. Ban hana ka ba, ban kuwa yi maka alkawarin komi ba. Wanda rainai ya ɓaci ba ni na ba, ka san shi."

Washegari da sassafe na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauki sanda na taka hanyar maƙabarta da ƙafa tun daga inda kwalta ta ƙare. Duk inda tifa ta yi rami sai in gitta sandar in auna tsayin tudun tsakiya da yatsu. Na sauka cikin kwarin na duba yadda bakinsa yake, na ga inda ƙarfe ya kankare ƙasa. Na dawo na shiga ƙarƙashin motar na nemi tsoffin tabban da hanya ta yi mata. Wuri biyu ne kawai. Na farko tukunyar aksil, ƙullutun nan da ke tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ita ke gugar tudun tsakiya. Na biyu tayar safiya, wato ta ko-ta-kwana, da aka rataye a ƙarƙashin wutsiya, ita ke bugun bakin kwari lokacin fita. Na daɗe kwance a wurin ina jin haushin kaina. Tukunyar aksil a ƙasan sifirin take. Ko ka ɗaga bodi ya kai rufin ɗaki, ita tana nan inda take, taya ce kaɗai ke ɗaga ta. Ashe duk tsayin da na yi wa motar, mafi yawansa ado ne.

To ku da kuke cewa noti huɗu ne, ku saurara, domin a nan aikin yake. Hanyoyin ɗaga a-kori-kura suna da yawa, kowace da abin da take ba ka da abin da take ƙwacewa. Bulon da kuke gani a waya yana ɗagawa ba tare da ya ƙara tauri ba, amma idan ya yi tsawo aksil na murɗawa duk lokacin da aka taka birki, wanda masu walda ke yankowa daga bututu kuwa ba na ko karɓarsa a garejina. Dogon hanga shi ya fi arha, shi kuma ke sa bayan mota rangaji a kwana. Ƙarin ganye na masu kaya ne, wanda ba ya lodi ya sa shi ya sayi ciwon baya. Sandar gaba idan ka ɗaure ta da yawa taya ba ta samun wurin sauka cikin rami, ta riƙa cin mahaɗan sitiyari. Kuma duk wanda ka zaɓa, sai ka duba tiyon birki ko ya kai, ka duba shokozoba ko ta kai, in ba haka ba ranar da taya ta faɗa rami mai zurfi ɗayansu zai tsinke. Ba a zaɓa sai an san abin da motar ke ɗauka, hanyar da take bi, da wanda zai hau ya sauka. Motar Ƙofar Rini kayanta mara nauyi ne, hanyarta tudu ne a tsakiya, masu loda ta kuma tsofaffi ne.

Na fara da warware abin da na ƙulla. Na cire ganyayen nan masu kauri na jefar gefe. Na mayar da gajerun hanga da sababbin robobi. Na sassauta sandar gaba. Tayar safiya na ciro ta daga ƙarƙashi na yi mata mazauni a bayan kan mota. Na samo tayoyi huɗu da suka fi na da tsayi, suka ɗaga tukunyar da yatsa biyu, abin da sandata ta ce ana buƙata ke nan har da ɗan rara. Saboda kada sababbin tayoyin su ci bodi, motar na buƙatar tashi kaɗan, yatsa uku, ba taƙi guda da na yi mata a da ba. Wannan da guduma na samo shi. Na zana layi da alli a daɓe, na wuni biyu ina bugun ganyayenta na asali ɗaya bayan ɗaya har suka hau. Na goge tsatsar da ke tsakaninsu na shafa musu giris don su riƙa zamewa a kan juna. Shokozoba ce ta ba ni wuya. Sai da na yi kwana uku ina yawo wurin masu kayan gyara da 'yan gwangwan, ina matsa kowace da hannu ina sakewa, kafin na samu doguwa mai laushi ta wata motar fasinja da ta dace. A ƙarshe na sa mai walda ya yi mataki a baya, na shimfiɗa katako biyu a cikin bodi da robar tsohuwar taya a ƙarƙashinsu, inda ƙafafun makara za su zauna, da maɗauri a kowane gefe.

Saura gwaji. Na koma wurin Malam na ce ina son aron makara, kuma ni zan kwanta a ciki. Sani direba yana wurin, ya ce shi kam ba da shi ba, bai taɓa jan mai rai a makara ba kuma ba zai fara da mai iyali ba.

Malam ya yi murmushi ya ce, "Sani, icce na da ƙarhe. Ba ta kiran kowa, wanda anka kira a ka ɗora mata. In Garba na son ya kwanta, bar shi ya kwanta, wataƙila ma ya ƙaru da wa'azi."

Haka muka fara. Na kwanta a gefen dama kamar yadda ake kwantar da mamaci, na saki jiki, na hana hannuna riƙe komai domin shi ba ya riƙewa. Mutum biyar daga masu haƙa suka zauna kewaye da ni don nauyin ya zama na gaskiya. Zuwan farko kaina ya bugu sau huɗu kafin kwari, a kwarin kuma haƙorana suka haɗu. Muka dawo na zare ƙaramin ganyen ƙasa, na rage iskar tayoyin baya. Zuwa na biyu bugun ya tafi, amma ina jin jikina na mirginawa hagu duk inda hanya ta karkata, na gano sifirin hagu ya fi na dama kwanciya da kusan rabin yatsa. Na sake sauke shi na mayar kan ƙarfen jirgi. Mutanen hanya har sun gane mu, in mun wuce sai su fara salati, in na ɗaga kai su watse da dariya. Maiɗakina ta ji labari a gidan suna, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Sau bakwai na yi tafiyar nan a kwance. A ta bakwai na ce wa Sani a gaya wa Malam na shirya, gobe Alhamis za a gwada, kuma ina roƙon Nasiru ya zo.

Bai so zuwa ba, Malam ne ya aika masa sau biyu. Ya iso bayan la'asar da kayan ofis a jikinsa, ya gaida kowa, ni ya ɗaga mini kai kawai. Aka ajiye makara a ƙasa a ƙofar gidan Malam na shiga na kwanta. Na ce dattawan nan da suka kasa a wancan karon su nake so su ɗauke ni. Su huɗu suka kama, ɗayansu, Baba Altine, yana cewa, "Kai Garba, a ce shekara guda ba ka da aiki amma nauyin ga bai ragu ba?" Aka yi dariya. Suka ɗora ni a kan katakon ba tare da kowa ya haye ya jawo ba, suka taka matakin suka shiga. Malam ya shiga gaba kusa da Sani. Nasiru ya hau ya zauna a wajen kaina, inda ya zauna ranar.

Na rufe ido. Na ji muka bar kwalta, na ji tayoyi na bin ramukan tifa, bodi na sauka yana tashi a hankali. Ina ta jiran kwarin, na san Sani kan rage gudu sosai kafin ya shiga, kuma na ƙudura ko me zai faru ba zan kama gefen makara ba. Can sai motar ta tsaya cak, inji ya mutu. Na ɗauka wani abu ya tsinke.

Na ce, "Lahiya? Mun kai ga kwarin?"

Baba Altine ya ce, "Buɗe idonka, malam."

Na buɗe, sai ga katangar maƙabarta a gefena.

Nasiru bai dube ni ba. Ya ce wa Malam, wanda ya fito ya dafa bodi, "Tun da munka hango kwarin na aza hannu bisa makara. Har munka hita ban samu abin riƙewa ba." Ya sauka ya shiga maƙabartar shi kaɗai. Muka jira shi a inuwar katanga, babu wanda ya ce a yi sauri. Ni dai ina zaune a cikin makarar.

Da ya fito idanunsa sun yi ja. Ya tsaya a bayan motar ya ce, "Allah gafarta Malam, gobe in an zauna a hwaɗa ma mai albasa ya nemi wata. Wagga ba ta saidawa ba ta."

Malam ya ce, "To, madalla."

Sannan Nasiru ya juyo gare ni, karo na farko a shekara guda ya kira sunana. Ya ce, "Garba, taso. Ni ka kwantawa ga komawa. Ina son in ji yadda ya kamata a ce Inna ta tahi."

Na fito na ba shi wuri. Ya cire hula da takalmi ya miƙa wa Baba Altine, ya kwanta a gefen dama ya rufe ido. Na zauna a wajen kansa, Sani ya tada mota.